Tambayoyi da amsoshi kan manyan zamunnan tarihin Amurka da abun da suka bari har yau

Duk sanda zaɓen Amurka ya zo, ko ɗan sanda ya kashe wani baƙar fata aka fito zanga-zanga, ko dala ta sake tashi, sai ka ga tambayoyi iri ɗaya suna ta yawo, kuma mafi yawansu amsarsu tana can baya cikin tarihi. Ga waɗanda aka fi yi.

Wai daga ina ake fara lissafin tarihin Amurka na zamani?

Ƙasar dai ta ayyana 'yancinta daga Ingila ranar 4 ga Yuli 1776, a lokacin yankuna 13 ne kawai a bakin tekun Atlantika, aka rubuta kundin tsarin mulki a 1787, George Washington ya zama shugaba na farko a 1789. Daga nan tayi ta faɗaɗa yamma, ta sayi yankin Louisiana daga hannun Faransa a 1803 kan dala miliyan 15, ta yaƙi Meziko daga 1846 zuwa 1848 ta karɓe Kalifoniya da wasu yankunan. Amma Amurkar da muka sani yau, a nawa ganin, daga 1865 ta fara, shekarar da yaƙin basasa ya ƙare. Kafin nan ƙasa ce ta manoma wadda rabinta ke tsaye kan gumin bayi. Bayan nan ne aka shiga zamanin sake gina kudu, sai zamanin masana'antu da manyan attajirai, sai karayar arziki ta 1929, sai yaƙin duniya na biyu da yaƙin cacar baka, sai gwagwarmayar baƙaƙen fata, sai zamanin shugaba Ronald Reagan, sai kuma abun da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba.

Yaƙin basasan nasu akan me akayi shi, da gaske akan bauta ne?

Akan bauta ne, ko da za ka ji wasu suna cewa wai 'yancin jihohi ake karewa. Jihohin da suka ɓalle da kansu suka rubuta dalilinsu a takardun ɓallewa, kuma bauta suka ambata. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan 4, auduga kuwa ita ce babbar hajar da ƙasar ke fitarwa waje, masaƙun Ingila da ita suke aiki. Da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a 1860 da manufar hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna sai jihohi 11 na kudu suka ce sun fita. Aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, mutum sama da 600,000 suka mutu, har yau babu yaƙin da ya ci Amurkawa kamar wannan. Ranar 1 ga Janairu 1863 Lincoln ya shelanta 'yancin bayin da ke yankunan 'yan tawaye, kuma baƙaƙen fata kusan 180,000 suka shiga sojan arewa suka yi yaƙin da hannunsu, wannan ɓangaren ba a cika faɗa ba.

Cikin waɗannan sojojin akwai ɗan Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa. An kama shi yana yaro aka tsallaka Sahara da shi aka sayar, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha, daga baya ya isa Amurka yana ɗa ba bawa ba, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Shi kuma Lincoln an harbe shi a gidan wasan kwaikwayo a Afrilun 1865, 'yan kwanaki bayan babban kwamandan kudu ya miƙa wuya.

Toh tunda an 'yanta bayi a 1865, me yasa sai bayan shekara ɗari baƙaƙen fata suka samu 'yanci na gaske?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su tsaya a kanta, don shekarun 1865 zuwa 1877 su ne mabuɗin fahimtar kusan duk rigimar Amurka ta yau, kuma su ne aka fi tsallakewa. Farkon abun yayi kyau sosai. Aka yi wa kundin tsarin mulki gyara guda uku, na 13 a 1865 ya haramta bauta, na 14 a 1868 ya ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne kuma doka za ta kare kowa daidai, na 15 a 1870 ya hana a hana namiji zaɓe saboda launin fatarsa. Sojojin tarayya suna kudu suna gadin wannan tsarin. Mutanen da jiya ake sayar da su a kasuwa suka yi layi suka kaɗa ƙuri'a, suka buɗe makarantu da coci-coci, suka bazama neman matansu da 'ya'yansu da aka sayar wasu jihohin. A 1870 Hiram Revels, baƙar fata, ya zama sanata daga Mississippi. Jami'o'i irin su Howard a lokacin aka kafa su, a 1867, kuma ita ce Nnamdi Azikiwe ya ratsa ta cikinta daga baya.

Amma ba a ba su gona ba, nan ne aka karya su. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa iyalan 'yantattu eka 40 kowanne a gaɓar tekun kudu, sai shugaba Andrew Johnson da ya gaji Lincoln ya soke, aka mayar wa tsofaffin iyayengijin filayensu. Mutum ba gona ba alfadari ba ko sisi, dole ya koma wurin wanda ya bautar da shi su yi yarjejeniyar noman raba daidai. Mai gona ya ba shi fili da iri da garma, abinci da sutura kuma ya riƙa karɓa bashi a kantin mai gonar duk tsawon damina, in kaka tayi an tsince auduga an kai sikeli, mai gonar shi ke aunawa, shi ke riƙe da littafin bashi, shi ke sa farashi, manomin kuma bai iya karatu ba don da doka aka hana bayi koyon karatu, sai a buɗe littafi a ce masa bana kasonka bai biya bashinka ba akwai saura, kuma ba ka da ikon barin gonar sai ka biya. Baɗi haka, baɗin baɗaɗa haka. In ya buɗe baki yayi gardama da dare 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, su zo masa da farin mayafi da igiya.

Sai zaɓen 1876 ya rikice, aka sasanta a 1877, Rutherford Hayes ya hau mulki aka janye sojoji daga harkar kudu. Shikenan, an rabu da Bukar an haifi Habu. Jihohin kudu suka ƙirƙiro harajin zaɓe da jarrabawar karatu wadda jami'in rajista farar fata shi ke yanke wa ya ci wa ya faɗi. A Louisiana baƙaƙen fata masu rajista sun kai kusan 130,000 a 1896, zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. A 1896 Kotun Ƙoli a shari'ar Plessy ta halatta raba farare da baƙaƙe a jirgin ƙasa, daga nan aka raba makaranta, asibiti, famfon shan ruwa, har maƙabarta, dokokin da ake kira Jim Crow kenan. Tsakanin 1877 da 1950 an kashe baƙaƙen fata sama da 4,000 ta hanyar ɗaukar doka a hannu, wani lokacin gari guda ake taruwa kallo har a ɗauki hoto. Wallahi duk mai ganin cewa in an rubuta haƙƙi a takarda magana ta ƙare, ya karanta wannan zamanin.

Yaushe ne Amurka tayi kuɗi haka?

Tsakanin 1870 da 1900 ne abun ya fashe. A 1869 aka haɗa layin dogo daga gabas zuwa yamma a jihar Utah, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, kuma 'yan ci-rani 'yan Sin da 'yan Ayalan ne suka fasa duwatsun. John Rockefeller ya kafa Standard Oil a 1870, cikin 'yan shekaru kusan kashi 90 cikin ɗari na tace man ƙasar yana hannunsa, yakan haɗa baki da kamfanonin jirgin ƙasa su rage masa kuɗin dako, ya karya farashi har abokin gogayya ya durƙushe sannan ya saye shi. Andrew Carnegie yayi haka da ƙarfe, J.P. Morgan da banki. Ma'aikata kuma daga Turai suke kwararowa, tsibirin Ellis da ke New York kaɗai mutum kusan miliyan 12 suka shiga ta nan daga 1892 zuwa 1954, alhali tun 1882 aka kafa dokar hana leburori 'yan Sin shigowa.

Lebura yana aikin awa 12 a rana, yara ƙanana suna cikin ma'adinan kwal. Hutun 1 ga Mayu da ma'aikata ke yi a Najeriya da Nijar asalinsa daga nan ne, yajin aikin neman awa 8 da akayi a Chicago a Mayun 1886 wanda ya ƙare da bam da rataye shugabannin ma'aikata.

Gwamnati zuba musu ido tayi?

Na ɗan lokaci, eh. Daga wajen 1900 zuwa 1920 ne 'yan jarida da mata da ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa lamba aka fara sa wa attajirai linzami. A 1906 zamanin Theodore Roosevelt aka kafa dokar duba abinci da magani, a 1911 Kotun Ƙoli ta farfasa Standard Oil gida 34, kuma Mobil da Chevron da muka sani a harkar man Najeriya daga waɗannan gutsattsarin suka fito. A 1913 aka kafa babban bankinsu da harajin kuɗin shiga, a 1920 mata suka samu damar zaɓe. A Maris 1911 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinki a New York, an kulle ƙofofi don kar ma'aikata su fita, mutum 146 suka mutu akasarinsu 'yan mata 'yan ci-rani, wasu ta taga suka riƙa dirowa. Cikin waɗanda suka ga abun da idonsu akwai Frances Perkins, ita ce daga baya a 1933 ta zama ministar ƙwadago, mace ta farko a majalisar ministocin ƙasar.

'Yan asalin ƙasar fa, ina suka shiga?

Su aka ture aka gina komai. A 1830 aka kafa dokar kwashe su zuwa yamma, ƙabilar Cherokee dubbai suka mutu a hanya a 1838. Bayan yaƙin basasa sojoji suka juya kan ƙabilun yamma, aka ƙarar da ɓaunan da suke rayuwa da su, a 1890 aka yi musu kisan gilla a Wounded Knee, aka riƙa raba yara da iyayensu ana kai su makarantun kwana ana hana su yarensu. Sai 1924 aka ba su duka takardar zama 'yan ƙasa, a ƙasar kakanninsu fa. Suna nan har yanzu da yankunansu da gwamnatocin ƙabilunsu.

Karayar arzikin 1929 da ake yawan faɗa, me ya faru takamaimai?

Shekarun 1920 an sha daɗi, motar Ford ta cika titi, rediyo ya shiga gidaje, kowa yana sayen hannun jari da bashi, ka ba da kashi 10 dillali ya ranta maka sauran. Kamar wanda ya karɓi buhunan masara bashi da kaka da niyyar in damina tayi farashi ya hau ya sayar ya biya, sai farashin ya faɗi ƙasa warwas, ga masu bashi a ƙofar gida. A Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, mutane suka ruga banki ɗebo ajiyarsu, bankuna dubbai suka rufe da kuɗin mutane a ciki, zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aiki, ga fari da guguwar ƙura sun kori manoma daga Oklahoma da maƙwabtanta. Masifar ta zagaya duniya, farashin gyaɗa da auduga ya faɗi har a ƙasar Hausa alhali Bature bai daina karɓar haraji ba, a Jamus kuwa wannan ƙuncin ya taimaka wa Hitler hawa mulki.

Franklin Roosevelt ya karɓi mulki a Maris 1933, ya rufe duka bankuna na 'yan kwanaki aka tantance su, ya hau rediyo ya yi wa mutane bayani dalla-dalla yadda banki ke aiki, da aka buɗe sai mutane suka fara mayar da kuɗinsu. Shirinsa da ake kira New Deal ya kawo inshorar ajiyar banki a 1933, irin aikin da NDIC ke yi a Najeriya, ya kawo fanshon tsofaffi a 1935, mafi ƙarancin albashi a 1938 wanda ya fara da santi 25 a awa, ya ɗebi miliyoyin marasa aiki suna gina hanyoyi da madatsun ruwa. Muhimmancin wannan zamanin shi ne daga nan Ba'amurke ya fara ganin cewa in rayuwa ta ƙuntata gwamnatin tarayya tana da alhaki a kansa, kuma gardamar da jam'iyyunsu biyu ke yi har gobe kan girman gwamnati a kan wannan gadon ake yinta. Sai dai ko a nan an bar baƙaƙen fata a baya, dokar fansho ta farko bata haɗa da leburorin gona da masu aikatau a gidaje ba, aikin da akasarinsu ke yi a kudu, kuma hukumomin lamunin gidaje suka ja jan layi a taswira kan unguwanninsu aka hana su bashin sayen gida. Gida kuwa shi ne dukiyar da ake gadar wa 'ya'ya a Amurka, shi yasa tazarar dukiya tsakanin farare da baƙaƙe take da faɗi har yau.

Ya akayi dala ta zama kuɗin duniya?

Yaƙin duniya na biyu ne ya ɗora ta. A na farko Amurka ta shiga a 1917 a makare, bayan an gama Majalisar Dattawanta ta ƙi yarda ƙasar ta shiga ƙungiyar ƙasashen da shugabansu Wilson da kansa ya kawo shawararta. Na biyun kuwa harin Japan a Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 ne ya jawo ta. Ta rasa sojoji sama da 400,000, Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27, Turai da Japan sun zama kufai, ita kuwa masana'antunta ko ƙwarzane babu. A cikin gida ta tsare 'yan asalin Japan kusan 120,000 a sansanoni, yawancinsu 'yan ƙasa ne, a Agustan 1945 kuma ta jefa makamin ƙare dangi a Hiroshima da Nagasaki, ita kaɗai ce ƙasar da ta taɓa amfani da shi a yaƙi.

Tun kafin a gama, a 1944, ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods aka kafa Bankin Duniya da asusun IMF, aka ɗaure sauran kuɗaɗe da dala, ita kuma aka ɗaure ta da zinare kan dala 35 kowane oza. A 1971 shugaba Richard Nixon ya tsinke alaƙar dala da zinare amma duniya ta riga ta saba, cinikin man fetur da bashin ƙasashe duk da ita ake yi. Shi yasa in babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa sai ɗan canji a Wapa ya ji a jikinsa.

Yaƙin cacar baka ya shafi Afirka ne?

Sosai ma. Daga 1947 zuwa 1991 Amurka da Sobiyet ba su gwabza kai tsaye ba, ko da yake a Oktoban 1962 saura ƙiris a harba nukiliya akan makaman da aka girke a Kyuba, amma a ƙasashen wasu suka riƙa yin faɗan. A Turai Amurka ta zuba kusan dala biliyan 13 ta shirin Marshall ta tayar da su, ta kafa NATO a 1949. A wasu wuraren kuwa kifar da gwamnatoci tayi, Iran a 1953, Guatemala a 1954. A Kwango hukumar CIA ta shirya kashe Patrice Lumumba da guba, binciken Majalisar Dattawansu na 1975 ya tabbatar da haka, duk da cewa a Katanga aka harbe shi a Janairun 1961 da hannun 'yan ɓallewa da jami'an Beljiyam, sannan Amurka ta riƙe Mobutu shekara da shekaru. A Angola ta mara wa madugun 'yan tawaye Savimbi baya. Akwai kuma wata fuskar, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci shugaba Kennedy a Yulin 1961 har yayi jawabi a majalisarsu, kuma a Kano akwai tashar NASA da ta riƙa bin sawun kumbon John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a 1962, tseren da ya kai su wata a 1969.

Gwagwarmayar su Martin Luther King me ta canza?

Ta dawo da abun da aka ƙwace a 1877. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu. A 1955 aka kashe Emmett Till ɗan shekara 14 a Mississippi, mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta ga yadda aka yi wa fuskarsa. Ranar 1 ga Disamba na shekarar Rosa Parks ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas a Montgomery, baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas ɗin kwana 381, masu aikatau suna takawa a ƙasa safe da yamma, masu motoci suna ɗaukar 'yan'uwansu kyauta.

Ka dubi Ruby Bridges, yarinya 'yar shekara 6 a New Orleans a Nuwamban 1960. Jami'an tarayya huɗu ne ke raka ta makaranta kullum, manyan mata iyayen yara suna bakin ƙofa suna zaginta, wata ta ɗaga 'yar tsana baƙa a cikin akwatin gawa tana nuna mata, wata ta yi barazanar sa mata guba har ya zama abincin gida kawai take ci. Iyaye farare suka kwashe 'ya'yansu, malama ɗaya ce ta yarda ta koyar da ita, su biyu kaɗai a aji shekara guda, mahaifinta kuma aka kore shi daga aiki. Wannan fa ba tarihin kaka da kakanni bane, watanni kaɗan ne bayan Najeriya da Nijar sun samu 'yancin kai.

'Yancin ƙasashen Afirka ma ya taimaka. King da kansa ya halarci bikin 'yancin Ghana a 1957 ya kuma zo Legas a 1960. A 1961 wani gidan abinci a jihar Maryland ya ƙi sayar wa jakadan Chadi abinci yana kan hanyarsa ta zuwa Washington, abun ya zame wa gwamnatin Kennedy abun kunya a daidai lokacin da take zawarcin Afirka don kar ta bi Sobiyet. A Agustan 1963 mutum kusan 250,000 suka yi gangami a Washington, a 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar haramta wariya, bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattaki a gadar Selma a Maris 1965 aka kafa dokar kare 'yancin zaɓe. A Mississippi baƙaƙen fata masu rajista sun tashi daga kusan kashi 7 zuwa kusan kashi 60 cikin 'yan shekaru. Malcolm X yayi aikin hajji a 1964 ya biyo ta Najeriya da Ghana, aka harbe shi a Fabrairun 1965, King kuma a Afrilun 1968. A 1965 ɗin dai aka soke dokar shige da fice ta 1924 wadda ta fifita 'yan arewacin Turai, duk ɗan Afirka da ke zaune a Houston ko Bronx yau ta ƙofar da wannan gwagwarmayar ta buɗe ya shiga, ya kamata mu riƙa tunawa da hakan kafin mu raina baƙaƙen Amurka.

An ce Lincoln ɗan Republican ne, toh me yasa yanzu baƙaƙen fata suka fi zaɓen Democrat?

Jam'iyyun ne suka sauya mazauni. Da can Democrat ce jam'iyyar fararen kudu masu Jim Crow. Baƙaƙen fata kusan miliyan 6 suka yi ƙaura zuwa biranen arewa da yamma tsakanin wajen 1915 da 1970, can suna iya zaɓe, shirin Roosevelt ya fara jawo su, dokokin Johnson na 1964 da 1965 suka ƙarasa. Fararen kudu kuma sannu a hankali suka koma Republican.

Me ya sa ake yawan ambaton Reagan?

Saboda shi ya juya akalar da Roosevelt ya ɗora ƙasar a kai. Kafin shi an sha wahala, yaƙin Biyetnam ya ci sojojinsu kusan 58,000 da 'yan ƙasar sama da miliyan, aka gano gwamnati tayi ta yi wa jama'a ƙarya akan yaƙin, Nixon yayi murabus a Agustan 1974 saboda badaƙalar Watergate ta kutsawa ofishin jam'iyyar adawa da yunƙurin rufe maganar, takunkumin man Larabawa na 1973 ya ninka farashi kusan sau huɗu, su suna layin mai mu muna cin ƙarin albashin Udoji. Reagan ya hau a 1981 da cewa gwamnati ce matsalar, ya kori ma'aikatan kula da zirga-zirgar jiragen sama sama da 11,000 da suka shiga yajin aiki, harajin manyan masu kuɗi ya sauko daga kashi 70 zuwa 28. A daidai lokacin babban bankinsu ya kai kuɗin ruwa kusan kashi 20, bashin ƙasashe masu tasowa ya kumbura, IMF ta zo da sharuɗɗan karya darajar kuɗi da janye tallafi da sayar da kamfanonin gwamnati, SAP ɗin da aka fara a Najeriya a 1986 daga wannan makarantar tunanin ya fito. A cikin gida yaƙi da ƙwaya ya cika gidajen yari har fursunoni suka haura miliyan 2 daga baya, kason baƙaƙen fata a ciki ya fi ƙarfin yawansu nesa ba kusa ba. Magoya bayansa kuma za su ce maka shi ya farfaɗo da tattalin arziki ya matsa wa Sobiyet har katangar Berlin ta faɗi a 1989, tarayyar ta watse a Disamban 1991.

Harin 11 ga Satumba ya sauya Amurka ne ko duniya ya sauya?

Duka biyun, kuma musulmi sun fi kowa ji a jika. Mutum kusan 3,000 suka mutu a ranar a 2001. Wata guda bayan nan Amurka ta shiga Afganistan, bata fita ba sai Agustan 2021 kuma Taliban ɗin da ta kora su suka dawo. A Maris 2003 ta mamaye Iraƙi da hujjar makaman ƙare dangi da ba a samu ba, ɗaruruwan dubban mutane suka mutu, daga wannan ɓaraguzan ISIS ta tsiro. Aka buɗe gidan yarin Guantanamo, aka faɗaɗa leƙen asirin wayoyi, neman biza da binciken filin jirgi suka zama wani abu daban. Wutar ta iso yankinmu, bayan NATO ta taimaka an kifar da Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka malalo Mali da sauran Sahel, Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadez, an kashe sojojinta huɗu tare da na Nijar a Tongo Tongo a Oktoban 2017, sannan a 2024 ta kwashe sojojinta bayan gwamnatin sojan Nijar ta ce su fita. A zamanin shugaba George W. Bush ɗin da ya fara waɗannan yaƙe-yaƙen dai aka kafa shirin PEPFAR a 2003 wanda ya kai maganin cutar ƙanjamau ga miliyoyin 'yan Afirka, wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ba.

Yanzu wane zamani suke ciki?

Zamanin rabuwar kai, kuma za ka iya fara lissafinsa daga 2008. A shekarar bankin Lehman ya rushe saboda bashin gidaje, miliyoyi suka rasa muhallinsu, gwamnati ta ware dala biliyan 700 ta ceto bankuna, talaka na hagu da na dama duk suka ji haushi. A shekarar kuma Barack Obama, ɗan wani ɗalibi daga Kenya, ya ci zaɓe, mutane da yawa suka ɗauka maganar launin fata ta ƙare. A 2013 Kotun Ƙoli ta cire wa dokar zaɓe ta 1965 haƙoranta, wato sharaɗin da ya tilasta wa jihohin da suka yi ƙaurin suna neman izinin tarayya kafin su taɓa dokokin zaɓensu. A 2016 Donald Trump ya ci duk da Hillary Clinton ta fi shi ƙuri'a kusan miliyan 3, don su wakilan jihohi 538 ne ke zaɓen shugaba, mai 270 shi ya ci, tsarin da aka gada tun 1787. A Mayun 2020 ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis har ya mutu, korona ta kashe Amurkawa sama da miliyan, ranar 6 ga Janairu 2021 magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa har wani yana ɗauke da tutar 'yan tawayen kudu ta zamanin yaƙin basasa. Trump ya sake cin zaɓe a 2024, kuma a ranarsa ta farko a ofis a Janairun 2025 ya sa hannu a umarnin hana 'ya'yan baƙin haure da na masu bizar wucin gadi zama 'yan ƙasa ta hanyar haihuwa, nan take jihohi da ƙungiyoyi suka garzaya kotu, kuma abun da lauyoyin ɓangarorin biyu suka riƙa ja a kai shi ne ma'anar gyara na 14 ɗin nan da aka rubuta a 1868 saboda 'yantattun bayi.